Jirage Takwarori: Abin da Suna Ke Ɗauka Daga Jirgin Yaƙi Zuwa Wani

Rundunonin sojan ruwa na ƙasashen da suka daɗe da ƙarfi a teku suna da al'adar maimaita sunayen jiragensu na yaƙi. Idan jirgi ya nutse a fagen fama, ko ya tsufa aka daddatsa shi aka sayar da ƙarfensa, ba a cika binne sunansa tare da shi ba. Akan ajiye sunan, wani lokaci na wata guda, wani lokaci na ƙarni uku, sannan a raɗa wa sabon jirgi. Birtaniya ta yi jirage shida masu suna Victory da biyar masu suna Ark Royal. Amurka ta yi Enterprise takwas, ana kuma kan ƙera na tara. A rundunar Birtaniya abin bai tsaya ga suna ba, domin sabon jirgi yana gadon jerin yaƙoƙin da takwarorinsa suka halarta, a sassaƙa su a allon katako a kafe a cikinsa kamar shi ne ya je. Daga nan ne wata tsohuwar tambaya ta falsafa take tasowa: me ke wucewa daga wani abu zuwa wani idan ba su haɗa komai ba sai suna?

Tarihin Ark Royal ya isa misali. An ƙera na farko a 1587 a Deptford, a bakin kogin Thames, domin Sir Walter Raleigh, ana kiransa Ark Raleigh. Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya ta saye shi a kan fam 5,000, aka cire kuɗin daga bashin da take bin Raleigh, aka mayar da sunan Ark Royal. Jirgin katako ne da iska ke turawa. A 1588 shi ne ya ɗauki babban kwamanda, Lord Howard, lokacin da Ingila ta tari gagarumin ayarin jiragen Sifaniya. A 1608 aka sabunta shi aka sake masa suna Anne Royal, a 1636 kuma ya nutse a kogin Thames. Tun daga 1608 sunan Ark Royal ya kwanta fiye da shekara ɗari uku, har 1914, lokacin da aka ba wa wani jirgin ƙarfe mai ɗaukar jiragen sama masu sauka a kan ruwa. A 1934 aka karɓe sunan daga wannan na biyu, aka kira shi Pegasus, don a ba wa wani babban jirgin dakon jiragen yaƙi da ake shirin ƙerawa. Wannan na ukun shi ne ya fi yin suna. Jiragen saman da suka tashi daga kansa ne suka lalata abin juya akalar jirgin Bismarck na Jamus a watan Mayun 1941, abin da ya ba da damar a riske shi a nutsar da shi. A watan Nuwamba na shekarar jirgin ƙarƙashin teku na Jamus mai lamba U-81 ya harbe shi kusa da Jibralta, ya nutse washegari, mutum ɗaya kacal ya rasu. Na huɗu ya shiga aiki a 1955, aka sare shi a 1980. Na biyar ya shiga aiki a 1985, ya yi ritaya a 2011, aka ja shi zuwa Aliaga ta Turkiyya a 2013 aka daddatsa shi.

A cikin na biyar ɗin akwai allon da ya fara da yaƙin 1588, ya biyo ta Cadiz a 1596, da Dardanelles a 1915, da Bismarck a 1941, ya ƙare da Al Faw ta Iraƙi a 2003. Babu ƙusa ɗaya ta jirgin Raleigh a jikinsa, babu matuƙi ɗaya da ya yi aiki a cikin su biyun, ko kamanni ba su yi ba. Duk da haka hukumar sojan ruwan Birtaniya, wadda ta tsara jerin waɗannan lambobin yabo a hukumance a 1954, ta yanke cewa suna ne ke riƙe da su, ba gangar jirgi ba. Amurka ta bi wata hanya daban. Taurarin yaƙi 20 da Enterprise na bakwai ya samu a Yaƙin Duniya na Biyu nasa ne shi kaɗai, magajinsa bai gaje su ba. Ƙasashe biyu masu harshe ɗaya da tushen al'ada ɗaya sun ba tambaya ɗaya amsa biyu.

Masana falsafa sun saba shiga wannan fage ta ƙofar jirgin Theseus. Plutarch, marubucin Girka, ya ba da labarin cewa mutanen Atina sun adana jirgin wannan gwarzon nasu tsawon zamunna, duk katakon da ya ruɓe su cire su sa sabo, har masana suka rabu biyu, wasu na cewa jirgin yana nan, wasu na cewa ya zama wani. A 1655 Thomas Hobbes ya ƙara wa matsalar wuya da ya ce a ƙaddara wani ya tattara tsofaffin katakan ya sake harhaɗa su, to wanne ne na asali a cikin biyun? Wannan ba tatsuniya ba ce kawai, akwai jiragen da take kansu a yau. Victory na shida, wanda aka saka a ruwa a 1765, wanda kuma babban kwamanda Nelson ya mutu a cikinsa a yaƙin Trafalgar ranar 21 ga Oktoban 1805, yana nan a busasshen mazauni a Portsmouth tun 1922, har yanzu kuma yana cikin rajistar jiragen rundunar. Constitution na Amurka, na 1797, yana kan ruwa a Boston. A dukansu biyu katakon asali da ya rage kaɗan ne, sauran duk gyara ne bisa gyara. Amma akwai abin da ke riƙe da su: ba a taɓa wayar gari babu jirgin ba. Sauyin ya zo ne sannu a hankali, siffar tana nan, kowane sabon katako ya shigo ne ya tarar da na da.

Akwai kuma kishiyar wannan, wato ganga ɗaya ta ɗauki suna biyu. Jirgin Birtaniya mai suna Nigeria, wanda aka saka a ruwa a 1939 aka kuma harbe shi a 1942 yana rakiyar ayarin kai agaji tsibirin Malta, an sayar wa Indiya da shi, ya shiga aiki a can a 1957 da sunan Mysore, ya yi ta aiki har 1985. Phoenix na Amurka ya tsira daga harin Pearl Harbor a 1941, aka sayar wa Ajantina a 1951, daga baya ya zama General Belgrano, jirgin ƙarƙashin teku na Birtaniya ya nutsar da shi a watan Mayun 1982 da mutum 323. A nan babu gardama, kowa ya yarda jirgi ɗaya ne. Wannan kaɗai ya nuna cewa suna ba shi ne ke mayar da abu ya zama shi kansa ba.

Jirage takwarori nau'i ne na uku, kuma ba su cikin matsalar Theseus ko kaɗan, domin a tsakaninsu akwai yankewa ƙarara. Inda aka gauraya nau'i na farko da na uku ne ake samun ruɗani, kamar yadda ya faru da Constellation na Amurka. An ƙera na farko a Baltimore a 1797. A 1853 aka wargaza shi a ma'aikatar jirage ta Gosport a jihar Virginia, a 1854 kuma aka saka wani a ruwa a wannan wuri da wannan suna. Na biyun ya jagoranci ayarin da Amurka ta girke a gaɓar Afirka don tare jiragen fataucin bayi, a 1860 ya kama jirgin Cora ɗauke da mutum 705 da aka sato, aka sauke su a Monrovia. Da ya tsufa aka kai shi Baltimore aka mayar da shi gidan tarihi, aka shafe shekaru ana nuna wa jama'a shi a matsayin na 1797 da aka sabunta, har aka yi masa kwaskwarima don ya yi kama da shi. Masanin tarihin jirage Howard Chapelle ya musanta haka, wani binciken rundunar da aka fitar a 1991 kuma ya tabbatar cewa sabon jirgi ne da aka zana aka ƙera daga tushe. Abin takaici a labarin shi ne, saboda kwaɗayin a ce jirgin ya fi tsufa, an daɗe ana rufe aikin da ya yi da kansa, wanda ya fi cancantar a tuna. Sunan gado yana iya ɗaga jirgi, yana kuma iya danne shi.

Tambayar ko suna shi ne abin da aka raɗa wa, ko wani abu ne daban, malaman tauhidi na Musulunci sun daɗe da tattauna ta. Asalin muhawarar game da sunayen Allah Maɗaukakin Sarki ne, inda nauyinta ya fi na kowane jirgi nesa ba kusa ba, abin da za a ara a nan shi ne rabe-raben da suka yi. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya buɗe littafinsa Al-Maƙsadul Asna da bambanta abu uku: suna, da mai sunan, da aikin raɗa sunan. Ya kuma nuna cewa abu yana da samuwa a zahiri, da samuwa a cikin zukata, da samuwa a kan harsuna, suna kuwa mazauninsa harshe ne. A Ingila, John Stuart Mill ya kai ga matsaya makusanciya a 1843 da ya ce sunan yanka alama ce kawai da ke nuna mai shi, ba ya siffanta shi. Misalinsa garin Dartmouth ne, wanda ya samo suna daga kasancewarsa a bakin kogin Dart, amma ko kogin ya sauya hanya garin ba zai rasa sunansa ba. In an bi wannan ra'ayi zuwa ƙarshensa, Ark Royal biyar sunaye biyar ne masu lafazi ɗaya, kowanne da ranar sunansa. Haka kuwa ake yi a aikace, domin kowane jirgi da bikin saka shi a ruwa, inda wata mace mai daraja take ambata sunan a fasa kwalba a goshinsa. Mace ɗaya ce, mahaifiyar Sarauniya Elizabeth ta Biyu, ta raɗa wa na huɗu suna a 1950 da na biyar a 1981, kuma sau biyu ta yi aikin saboda jirage biyu ne.

Idan haka ne, allon nan na yaƙoƙi ya zama ƙarya ke nan? Wanda ya tsaya ga Mill kaɗai zai ce eh. Amma abin da mutane suka riƙa yi da waɗannan sunaye ya nuna akwai abin da bayaninsa bai kama ba. A watan Mayun 1942 harin Japan ya yi sanadin nutsewar Lexington, jirgin dakon jiragen yaƙi na Amurka, a Tekun Coral. Ma'aikatan masana'antar Fore River da ke Massachusetts, waɗanda a wurinsu aka ƙera shi, suna cikin ƙera wani mai suna Cabot a lokacin. Suka roƙi sakataren rundunar, Frank Knox, a mayar da shi Lexington, aka kuwa amince cikin 'yan makonni. Haka aka yi wa Yorktown da Wasp da Hornet, duk an nutsar da su a 1942, duk kuma an karɓe sunan wani jirgin da ake kan ƙerawa aka maye da nasu. A Ingila, mutanen birnin Leeds, waɗanda suka ɗauki Ark Royal na uku a matsayin nasu gab da nutsewarsa, sun tara fiye da fam miliyan 9 a farkon 1942 don a samar da magajinsa. A ɗaya ɓangaren, bayan ɓarkewar yaƙi a 1939 Hitler ya yarda a sauya sunan jirgin Deutschland zuwa Lützow, kuma daga cikin dalilan akwai gudun kada a wayi gari abokan gaba su yi shelar sun nutsar da jirgi mai sunan ƙasar Jamus. Masu walda a Massachusetts sun san sarai ba tsohon jirgi suke tayarwa ba. Abin da suke faɗa wa maƙiyi da iyalan waɗanda suka mutu shi ne, an nutsar da jirgi, ba a kashe niyyar da ta aike shi ba. Hausawa na cewa suna linzami ne, kuma linzamin nan mutane yake ja, ba katako ko ƙarfe ba.

Ya kamata a raba wannan da camfi. Matuƙan teku suna da camfe-camfe game da sunaye, wasu na ganin sauya wa jirgi suna yana jawo masifa, wasu na ganin sunan jirgin da ya halaka yana ɗauke da baƙin jini. Wani Victory na baya ya nutse a 1744 da mutum sama da 1,000, babu wanda ya tsira, amma na shida da ya gaji sunan ya kai yau. Sydney na farko na Ostareliya ya yi nasara a 1914, na biyu ya halaka a watan Nuwamban 1941 da dukan mutanensa 645. Suna bai kare kowa ba, bai kuma halaka kowa ba. Koyarwar Musulunci a nan a bayyane take: ta so kyakkyawan suna da kyakkyawan fata, har Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sauya wa wasu sahabbai sunaye marasa daɗin ma'ana, amma ta hana camfi da jingina amfani ko cuta ga abin da ba shi da iko. Tasirin suna yana bi ne ta zuciyar wanda ya ji shi, ba wani ƙarfi ne ɓoyayye a cikin haruffa ba.

David Hume ya kawo wata mafita a 1739. A ganinsa jirgin da aka yi ta gyarawa ana ɗaukarsa abu ɗaya ne saboda manufar da sassansa ke yi wa aiki ba ta sauya ba, har ya ba da misalin majami'ar da ta rushe aka sake gina ta da wasu kayan a wani fasali, mutanen unguwa kuma suka ci gaba da kiranta wadda suka sani. Wannan ya matso kusa, sai dai manufa kaɗai ba ta isa ba. Duk jiragen rundunar Birtaniya manufarsu ɗaya ce, amma ba dukansu ke gadon yaƙin 1588 ba. Lafazin suna kaɗai ma bai isa ba, kuma yaƙin Trafalgar ya nuna haka a rana ɗaya. Akwai Neptune a ɓangaren Birtaniya, akwai Neptune na Faransa, akwai Neptuno na Sifaniya. Akwai Swiftsure biyu, ɗaya na Birtaniya, ɗayan kuma tsohon jirginta ne da Faransa ta ƙwace a 1801 ta bar masa sunansa. Babu wanda ya ce waɗannan 'yan gida ɗaya ne. Abin da ke haɗa takwarori shi ne hukumar da ta raɗa sunan da niyyar a ci gaba da wani abu, da jama'ar da suka karɓi wannan niyya suka riƙe ta.

Saboda haka sunan jirgin yaƙi ya fi kama da sarauta a kan sunan yanka. Galadiman wani gari na yau ba shi ne Galadiman da ya yi yaƙi shekara ɗari biyu da suka wuce ba, kowa ya san haka, amma maroƙa na yi masa kirarin na da, kuma ba a ce sun yi ƙarya, domin kujerar suke yi wa, shi kuma suna tuna masa abin da ake jira daga gare shi. Haka allon Ark Royal yake. Ba shaida ba ne cewa wannan ƙarfe ya je Cadiz, sanarwa ce ga matuƙa 'yan shekara ashirin cewa sun shigo gidan da ke da tarihi. Wannan ne kuma ya bayyana ɗabi'ar ɗaukar wani abu daga tsohon jirgi a sa a sabo. An cire wasu tagogi daga Enterprise na bakwai kafin a sare shi aka kafa su a na takwas, wanda ya shiga aiki a 1961 a matsayin jirgin dakon jiragen yaƙi na farko mai amfani da nukiliya, an kuma narkar da wani ɓangare na ƙarfen na takwas don a zuba a na tara. Ta fuskar injiniya wannan ba ya ƙara komai. Amfaninsa shi ne ya ba ido da hannu abin kamawa, tun da ɗan Adam yana wahalar riƙe alkawarin da ba ya gani.

Matsala mafi nauyi tana zuwa ne bayan an yarda da wannan. Idan suna yana ɗauko yabo daga baya, me zai hana shi ɗauko zargi? A farkon watan Yulin 1940 jiragen saman Ark Royal na uku sun shiga harin da Birtaniya ta kai wa jiragen Faransa a Mers-el-Kébir kusa da Oran ta Aljeriya, don kada su faɗa hannun Jamus. Matuƙan Faransa kusan 1,300 suka mutu, mutanen da makonni kaɗan kafin nan abokan ƙawance ne. Wannan rana ba ta cikin allon. Cadiz kuwa, da take ciki, birni ne da aka washe aka ƙona. Allon yabo zaɓe ne, kuma mai gida ne ke zaɓa. Waɗanda aka yi wa ɓarnar suna da nasu allon a zuci. Lokacin da Japan ta sa wa sabon babban jirginta suna Kaga, wanda ya shiga aiki a 2017, bayaninta shi ne sunan wani tsohon lardi ne na ƙasar, kuma gaskiya ne. Amma a ƙasar Sin an tuna cewa Kaga na farko ya tura jiragen sama a kan yankin Shanghai a 1932 da 1937, kafin ya je Pearl Harbor ya kuma nutse a Midway a 1942. Ba za a ce suna yana da tarihi a ranar biki, a kuma ce lafazi ne kawai a ranar da maƙwabci ya yi ƙorafi ba. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Sai dai a nan ma akwai bambancin da ya wajaba a kiyaye, tsakanin laifi da nauyi. Laifi ba ya gaduwa. Addinin Musulunci ya kafa wannan ƙa'ida a fili, cewa kowane rai da abin da ya aikata za a kama shi, ba da na wani ba, kuma hankali ya yarda da haka. Matuƙin Kaga na yau bai jefa bom a Shanghai ba, kamar yadda matuƙin Ark Royal na 2003 bai kori ayarin Sifaniya ba. Lada da zunubi duk sun tsaya ga masu su. Abin da ke wucewa shi ne nauyin sani da faɗin gaskiya, domin wanda ya zaɓi ya ɗauki suna da gangan, alhali yana da dubban sunaye a gabansa, ya ɗauki aikin bayyana duk abin da sunan ya ƙunsa. Jamus ta nuna yadda wannan zaɓe yake da sarƙaƙiya. Tun bayan 1945 ba ta sake amfani da Bismarck ko Tirpitz ba, amma ta riƙe Emden. Emden na farko ya addabi jiragen kasuwancin Birtaniya a Tekun Indiya a 1914, ya yi luguden wuta a kan tankunan mai na Madras, kafin Sydney ya ragargaza shi a tsibiran Cocos a watan Nuwamba. Kwamandansa, Karl von Müller, ya samu yabo har daga abokan gaba saboda yadda ya kyautata wa waɗanda ya kama. Jiragen da suka gaji sunan suna ɗauke da alamar lambar yabo ta Gicciyen Ƙarfe, an kuma yarje wa matuƙan da suka tsira su ƙara Emden a sunan zuriyarsu. Wannan tarihin ne Jamus ta yau take nufi. Amma Emden na uku ya yi aiki a ƙarƙashin mulkin Nazi, yana cikin jiragen da suka mamaye Norway a 1940, kuma shi ma yana cikin silsilar, ko an ambace shi ko ba a ambata ba.

Akwai sunayen da aka bari ba don kunya ba, sai don girman rashin. Hood na Birtaniya ya tarwatse ranar 24 ga Mayun 1941 a fafatawa da Bismarck, mutum uku kaɗai suka tsira daga cikin 1,418, kuma har yau ba a sake ba wani jirgi sunan ba. Arizona na Amurka ya halaka a Pearl Harbor ranar 7 ga Disamban 1941 da mutum 1,177, fiye da 900 daga cikinsu suna cikin gangarsa a ƙasan ruwa, wurin kuma ya zama maƙabarta da ake ziyarta. Sunan ya yi shekara 78 a ajiye. A watan Disamban 2019 muƙaddashin sakataren rundunar, Thomas Modly, ya sanar da cewa za a ba wa sabbin jiragen ƙarƙashin teku biyu sunayen Arizona da Oklahoma, wanda shi ma ya kife a wannan hari da mutum 429. Hukuncin irin wannan a Amurka yana hannun sakataren ne tun wata doka ta 1819, a Birtaniya kuwa kwamiti ne ke ba da shawara, mai sarauta ya amince. Masu goyon bayan matakin suna ganin mayar da sunan bakin aiki shi ne girmama mamatan, domin sabbin matuƙa za su koyi labarinsu. Masu ja da shi suna ganin jirgin farko bai bar wurinsa ba, mutanensa na ciki, don haka kujerar ba ta zama fanko ba balle a naɗa wani. A kan wannan batu na ƙarshe hujjar masu ja tana da ƙarfi, domin dukan al'adar takwarori an gina ta ne bisa sharaɗin cewa na farko ya tafi kafin na biyu ya zo, har ta kai an karɓe sunan Ark Royal daga jirgi mai rai a 1934 don kada biyu su riƙe shi lokaci guda.